Yaran firamare da ƙaramin kasuwanci: wa ya taɓa gwadawa?

Malamar aji biyar:
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Zango mai zuwa ina so ɗalibaina su ƙera wani abu da ba zai ƙara wa muhalli shara ba, su sa masa farashi, su sayar a ranar baje kolin makaranta. Wanda ya taɓa yi da yara, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Na yi da 'yan aji shida. Sayarwa ba ta ba su wuya ba ko kaɗan, inda aka yi ta fama shi ne rarrabe ciniki da riba. Da aka tashi suka zube kuɗin a kan tebur suna tsalle, a ganinsu duka nasu ne. Sai na sa suka buɗe littafin da muka rubuta duk abin da aka saya, zare da gam da fenti, muka cire uwar kuɗi. Rukuni ɗaya ya ci riba, ɗaya da ƙyar ya mai da jarinsa, na uku ya faɗi, domin tun da safe suka karya farashi don su riga kowa ƙarar da kaya. Waɗanda suka faɗin nan sun fi kowa gane lissafin kashi cikin ɗari daga baya. Shawarata ki ba su jarin a matsayin rance. A Birtaniya ƙungiyar Young Enterprise ta yi haka da 'yan firamare, a ba yaro fam 5 ya juya na makonni huɗu, sannan ya mayar.

Mai aikin sake sarrafa shara:
Malama, ni ba malami ba ne, an dai gayyace ni makarantar 'yata in duba kayan da suka ƙera, kuma abin da na gani ya dame ni. Yara sun ɗauko robobin ruwa masu tsabta, sun shafe su da fenti, sun liƙa musu soso da ƙyalƙyali, aka ce musu sun ceci muhalli. Robar nan in kin juya gindinta za ki ga lamba 1, irin wadda muke nema ce ido rufe, a wanke a niƙa a sake yin wata ko a yi zaren tufafi da ita. Da zarar an cika ta da gam da fenti, ba mai karɓarta a wajenmu, sai juji. Rahoton ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD na 2022 ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya, bai kamata mu rage wannan ɗin ma da sunan koyarwa ba.

Na zauna da yaran na yi musu tambaya: in abin nan ya lalace, ina zai je? Shiru. Sai wani yaro ya ce to a ɗaure da igiya maimakon gam, ranar da aka gama da shi a kwance. Wallahi na ji daɗin amsar nan, don manyan masu zayyana kaya ma abin da suke nema ke nan, kaya ya rabu cikin sauƙi, kowane ɓangare ya koma inda ya dace. Sannan ina roƙonki, kada a narka roba a aji. Mai lamba 3 musamman, hayaƙinta guba ne.

Tela, uwar 'yan biyu:
Na taimaka wa ajin yarana da ragowar ƙyallaye, suka ɗinka jakunkunan littattafai da allura da zare. Na farkon sun yi kyau a ido, amma da muka zuba littattafai muka ɗaga, hannun ya tsinke. Suka warware, suka ninka ɗinkin, suka sake gwadawa har ya riƙe. Wata yarinya ce ta kawo shawarar a gaya wa masu saye cewa in ta yage a kawo gyara kyauta. Jakar da za ta yage cikin mako ɗaya ai shara ce ita ma, ko da tsumma aka yi ta. Mazan ajin da farko sun noƙe, daga baya su ke rige-rigen allura.

Wata uwa:
Malam, ban yarda da batun rance ba. Ɗana yana cikin rukunin da bai sayar da komai ba, ya kwana yana kuka don ya ɗauka bashi ya hau kansa. Abu na biyu, iyaye mu muke ɓata abin. Wasu sun ƙera wa 'ya'yansu kayan a gida, wasu suka zo suka saye teburin ɗansu kaf don tausayi. Yaron da ba wanda ya zo masa yana tsaye yana kallo.

Malamin lissafi:
Hajiya, kina da gaskiya, Allah ya ba shi haƙuri. A wajenmu makaranta ce ta ba da jarin, ba a karɓi komai daga gida ba, kuma tun ranar farko na gaya musu in an faɗi asarar ta ajin ce gaba ɗaya. Duk aikin a aji aka yi shi, aka kuma gauraya kayan a tebur ɗaya yadda uba ba zai gane na ɗansa ba.

Malamar aji biyar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: ina da yara masu kunya, masu baki kan danne su a kowane aikin rukuni. Yaya kuka yi da su?

Tela, uwar 'yan biyu:
Malama, malamar ajinsu juya aikin ta riƙa yi. Mai riƙe littafi yau, gobe shi ne mai kiran masu saye, jibi shi ke ba da canji. 'Yata da ba ta iya ɗaga murya ita ta gano an yi kuskure a canji, daga nan suka riƙa tambayarta kafin su rubuta komai.