Jajayen ƙwayoyi a kasko: ramin lu'u-lu'u ne ko kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna wankin kuza a wata ƙorama ta ɓangaren Panyam, a gindin tsohon dutse mai aman wuta. Jajayen ƙwayoyi suna yawan zama a gindin kasko, har da wani farin dutse da ke kartar gilashi. An ce mana duk inda dutse ya taɓa aman wuta akwai bututun lu'u-lu'u a ƙarƙashinsa. Mu haɗa kuɗi mu nutsa rami ko mu dakata?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ƙanina, ku dakata. Ba kowane aman wuta ke ɗauko lu'u-lu'u ba. Shi lu'u-lu'u yana samuwa ne a zurfin kilomita 150 zuwa 200, inda nauyin ƙasa ke matse sinadarin gawayi cikin zafin da ya kai digiri 900 zuwa 1,300. Baƙin dutsen da tsaunukan Filato da na Biu suka amayar daga wurin da bai kai wannan zurfin ba ya narko, bai ma bi ta inda lu'u-lu'un yake ba.

Mai ɗauko shi wani narkakken dutse ne da ake kira kimbalait, sunan da ya samo daga garin Kimberley na Afirka ta Kudu, inda aka fara haƙar babban ramin nan a 1871. Cike yake da ruwa da iskar gas, shi ya sa yake ƙetowa sama cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Da a hankali yake tafiya, da lu'u-lu'un ya narke a hanya ko ya rikiɗe ya zama irin baƙin nan na cikin fensir. Idan ya kusa fitowa sai ya fashe, ya bar rami mai siffar karas, baki da faɗi, gindi a tsuke, shi ake kira bututu. Ɗan dako ne kawai: bututun Kimberley shekarunsu wajen miliyan 90, lu'u-lu'un cikinsu kuwa ya haura shekara biliyan ɗaya, wani ma biliyan uku.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Bututu mai arziki a kan tsohon ƙashin ƙasa ake samunsa, wanda ya shekara biliyan 2.5 bai motsa ba, kamar na Botswana da Saliyo da Gini. Ƙashin ƙasar arewacin Najeriya kuwa ya sake dahuwa shekara miliyan 600 da suka wuce. Ko a waɗancan ƙasashen, cikin bututu ɗari da ƙyar ɗaya ke biyan kuɗin haƙa.

Amsa ta biyu: Malam ya gama magana a kan asali. Ni kan jajayen ƙwayoyin zan tsaya. Ganet ne galibi, amma ganet iri-iri ne. Wanda ke nuna kimbalait ja ne mai ratsin shuni, mai yawan kuromiyam da ƙarancin kalsiyam. Ja mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa ko'ina akwai shi, ba ya nufin komai.

Ku ɗebi tsakuwa kilo 15 zuwa 20 daga bayan manyan duwatsun cikin ƙorama, can ƙasa inda ta taɓa dutse, ba rairayin sama ba. A tace da rariya, a riƙe abin da ke tsakanin milimita 0.3 da 2, a wanke a kasko. Bayan ganet, ku duba kore shar kamar fasasshiyar kwalba, da baƙin ilmanait mai sulɓi. Koren ya fi daraja domin ba ya jure tafiya, ganinsa na nufin tushe yana kusa. Sai a riƙa haurawa sama, kowace mahaɗar ruwa a ɗebi buhu, a rubuta wurin a jikinsa. Inda ƙwayoyin suka ɗauke, kun wuce tushen. Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa buhuna wuri guda, ko wanke samfuri biyu a kasko ɗaya ba a ɗauraye ba. Kada ku raina ƙasar suri: a Kalahari gara ce ta riƙa fito da irin waɗannan ƙwayoyi daga ƙarƙashin rairayi, suka taimaka wajen gano mahaƙar lu'u-lu'u ta Jwaneng a Botswana.

Ido ba ya yanke hukunci. Ku ware ƙwaya 30 zuwa 50 ku kai sashen nazarin duwatsu na jami'a a auna sinadarinsu.

Amsa ta uku: Ɗan'uwa, kartar gilashi ba shaida ba ce, dutsen ƙanƙara ma yana yi. A Filato tofaz da zirkon ke ruɗar mutane, tofaz ma nauyinsa kusan ɗaya da na lu'u-lu'u, don haka tare suke kwanciya a kasko. Ku gwada farin dutsen naku a jikin safaya, wani dutsen ado mai tauri ƙwarai: tofaz ba ya kartar ta, lu'u-lu'u yana yi. Kuma don Allah kada a sa guduma, na gaskiyar ma tsagewa yake. In sakamakon gwaji ya yi kyau, lasisin bincike daga ofishin rajistar filayen ma'adinai na Abuja za ku fara nema kafin diga ta taɓa ƙasa.