Fararen shafukan da Excel ke fitarwa wajen bugawa

An tattauna kan matsalar tebur mai shafi ɗaya na Excel, manhajar tsara bayanai da lissafi a kwamfuta, da firinta ke fitarwa tare da tarin fararen takardu. Akasarin masu tattaunawar sun ce a fara danna Ctrl da End tare. Inda alama ta sauka, nan Excel ke ɗauka ƙarshen aiki ne. Sau da yawa abin da ke jawo fararen shafukan ɗigo ne ko tazara a wani gida (akwatin tebur) can ƙasa. A zaɓi layukan banzan da ke ƙasan teburin har zuwa inda alamar ta sauka, a danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a cire su ɗungurungum, domin maɓallin Delete rubutu kaɗai yake gogewa. Sai a adana.

Wasu sun fi son Set Print Area, wato keɓe yankin da za a buga kaɗai, da ke ƙarƙashin sashen Page Layout. Yana da sauri, amma layukan da aka ƙara a ƙasa daga baya ba za su fito ba, shi ya sa ban cika yarda da shi ba.