Wace altaneta zan sa wa tsohuwar a-kori-kurata?

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin wutar mota, ku taimaka mini da shawara.

Altanetar a-kori-kurata, wato na'urar da ke cajin batir, ta daina caji. In injin na aiki, mita na nuna volt 12.2 kawai, alhali ya kamata ya kai 13.8 zuwa 14.4. Batir sabo ne, bel ma a ɗaure yake tam.

Ta asalin amfiya 60 ce, kuma regulatarta, mai daidaita ƙarfin wutar caji, a waje take, a jikin bangon injin. Wadda na samu amfiya 100 ce, regulata a cikinta. Raina ya fi kwanciya da ita domin na ƙara fitilu biyu a gaba, da dare har haskensu ke dushewa in na tsaya. Amma wayar da ke zuwa batir siririya ce, ina tsoron ta yi zafi ta narke. Dole sai na sauya ta da mai kauri? Tsohuwar regulatar fa, cire ta zan yi gaba ɗaya, ko haɗe wayoyinta ake yi?

Ga kuma fuli, wato ɗan wilin da bel ke juyawa a jikin altaneta: nawa na bel mai tsagi ɗaya ne, na sabuwar tsagi da yawa. Zan iya mayar da tsohon fulin a kanta?

Ko dai in kai ta asalin a sauya mata burushi da dayod, ƙananan kayan wutar da ke cikinta?