A sare kurmin bakin rafi, ko a bar shi?

Daga zauren WhatsApp na manoman wani ƙauye a ƙasar Sumaila.

Mai Kaji: Salamu alaikum. Jama'a, kurmin nan na bakin rafi ya zama gidan dila. Kaji sun ƙare a unguwarmu, shekaranjiya kuma an ci ɗan akuya. A sare shi kawai a ba matasa su noma. In babu maɓoya, ɓarawo zai kama gabansa.

Sarkin Baka: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka duba sawu? Mai kutsawa akurki ta ƙaramar kafa da dare inyawara ce, ko muzurun daji. Dila a fili yake sura ya wuce. Maganar ɗan akuya kuwa, fara tuhumar karnukan gari da ke yawo babu mai su.

Mai Kaji: Ranka ya daɗe Baba, ko waye a cikinsu, ai a kurmin yake kwana.

Malamin Gona: Nan ne nake da ja. Gonaki sun yanyanka dajin da ke tsakaninmu da gandun dajin Falgore, sai guntaye suka rage: kurmin nan, tsohuwar maƙabarta, gefen burtali, sai 'yan sabara da geza a bakin kwari. Dabbobin nan da rana suke lafewa a guntayen, dare ya yi su bazu cikin gonaki neman ɓera, gafiya, fara da ƙwari. Suna bin bakin rafi da burtali daga wannan guntu zuwa wancan, don ba sa son ratsa fili tsirara, musamman bayan girbi. To amma ba duka ne kurmin ya zame musu dole ba. Jibda na buƙatar duhuwa, inyawara na buƙatar kogon itace. Dila fa? Tsohon ramin dabgi ya ishe shi, ko cikin dawa in ta yi tsayi. Ka sare kurmin, jibda da inyawara su tafi, malamin daji yana nan. Ka kuma raba shi da kanya da magaryar da yake tsinta a ƙasa, sai ya ƙara matsowa juji da akurki.

Hajiya Mai Kankana: Malam, kana ta yabonsa kamar surukinka. Zo ka ga yadda yake fasa mini kankana, kuma sai wadda ta nuna yake zaɓa. Wa zai biya ni?

Malamin Gona: Hajiya, ban musa ba, yana sha. Amma ki haɗa da gyaɗar da gafiya ke tonewa da hatsin da ɓera ke ci a rumbu, ki ga wace ɓarna ta fi.

Hajiya Mai Kankana: Ta ɓera ba na ganinta da ido. Ta dila kullum da safe nake ƙirgawa.

Ma'aikacin Lafiya: In sa baki. Wasu na tsoron ciwon haukan kare, kuma gaskiya dila na iya ɗauka. Sai dai yawancin mutanen da ke kamuwa, karen gida ne ke cizonsu, maganin abin kuwa allurar rigakafi ga karnuka. Zazzaɓin Lassa kuma, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ɓera ne ke yaɗa shi. Ni ba zan goyi bayan korar masu cin ɓera ba.

Sarkin Baka: Ka manta da tunku, mai rage mana macizai.

Ardo: Ni abin da ya dame ni daban ne. Ranar da gatari ya shiga kurmin, garma za ta bi burtalin da ke gefensa. Daga nan ba maganar dila za mu riƙa yi a gaban Dagaci ba.

Mai Kaji: Kowa na kare abin da ya shafe shi, ni kuma kajina ake ci. Ban sauka daga maganata ba.

Sarkin Baka: Ɗaga akurkin daga ƙasa, ka toshe kafofin da waya, ka riƙa rufewa tun magariba.

Mai Kaji: Kuɗin wayar fa, Baba?

Mai Unguwa: Ya isa haka. Babu mai sa gatari sai an je gaban Dagaci. Gobe bayan sallar asuba, kafin shanu su tattake hanya, Sarkin Baka zai zo bayan gidanka mu duba sawun tare. Hajiya, daga can sai gonarki.