Abin da muka tattara kan saka mahaɗi (link) a bayanin kod na yaren Python

Jama'a, ga abin da masu rubuta kod na nan Abuja suka faɗa a taƙaice:

1. Kowa ya yarda a tsaya kan tsari ɗaya. In da Sphinx kake aiki, wato manhajar da ke haɗa shafukan bayanin kod, akwai alamar da ake sawa kafin suna don ya zama mahaɗi: fankshin ya ɗauki :func:, kilas :class:, modul :mod:, kar yau ka sa haka gobe ka bar sunan tsurarsa mai karatu ya rasa inda zai danna, wallahi wannan yana ci min rai.
2. Suna ya yi tsawo? Sa ~ a farkonsa, ƙarshen kawai zai fito.
3. A kunna zaɓin -n lokacin da Sphinx ke haɗa bayanin, yana tona mahaɗin da bai kai ko'ina ba.
4. An rabu kan maimaita mahaɗin suna ɗaya, wasu sun ce sau ɗaya a sakin layi ya isa, sauran a sa musu ! a farko don kar su zama mahaɗi, wasu kuma sun ce a saka ko'ina. Ni dai ina bayan na farko.