Faɗuwar yara a jarrabawa: laifin malami ne ko na cunkoson aji?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum. Maganar da na yi a taron iyaye da malamai ranar Asabar ta ɓata wa wasu rai, amma ina nan a kanta. Faɗuwar yaranmu a WAEC da NECO tun daga firamare take somawa, a hannun malamin da aikinsa kawai ya cika allo da rubutu ya ce "ku kwafa". Malamin da ba ya tambayar kansa me ya sa yaro bai gane ba, ko a bene ka sa shi ba abin da zai sauya.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Baba, da girmanka, amma ba ka yi mana adalci ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ajina sun haura 90, rabinsu a ƙasa suke zaune. Kafin in duba littattafan layi biyu an kaɗa ƙararrawa. A ina zan tsaya in yi tunanin kowane yaro?

Maman 'Yan Biyu: Malam, Allah ya saka muku, mun san kuna shan wahala. Amma ga abin da na gani a ɗakina. 'Yan biyuna aji huɗu suke, makaranta ɗaya a nan Bauchi, an raba su aji daban-daban, cunkoson duk ɗaya. Malamar Hassana ta sa kowane yaro ya zo da murafun kwalba ashirin a leda, ta zaunar da su biyar-biyar, ta naɗa wa kowane rukuni shugaba, da murafun suke koyon rabawa. Yanzu in na aike ta kasuwar Muda Lawal ita take lissafa canji. Usaina ta haddace jadawalin sau har goma sha biyu, amma in ka ce ta raba lemo 12 ga mutum 3 sai ta yi shiru tana kallonka. Wallahi abin yana damuna.

Ɗalibar NCE: Gaskiya ne Mama. A Kaduna ma, shekarar 2017, malamai 21,780 ne suka kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu.

Malamin Lissafi: Ƙanwata, waccan jarrabawa sanin darasi ta auna, ba iya tafiyar da aji ba. Kada mu haɗa su.

Tsohon Hedimasta: A nan na yarda da kai, ɗana. Ko takardar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba ta auna abin da Hajiya ta faɗa. Shi ya sa nake ɗora nauyin a kan hedimasta. Lokacin da nake riƙe da makaranta, ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ƙofa da littafin sa hannu, kuma duk mako sai na zauna a bayan aji ɗaya na saurari darasi, mu tattauna da malamin bayan an tashi. Garin nan ne fa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi hedimasta a makarantar Midil, Malam Aminu Kano kuma ya koyar a cikinta.

Malamin Lissafi: Baba, Midil zaɓaɓɓun yara ake kai mata daga lardi. Ni duk wanda ya zo nawa ne. Kuma shekara shida ke nan babu wanda ya taɓa zama a bayan ajina. In za ka zo ranar Litinin, lissafi ne darasi na biyu.

Tsohon Hedimasta: In Allah ya kai mu zan zo. Hajiya, a aiko mana da murafun.