Nutso a Tulamben: abin da na tsinta daga hirar masu nutso

To ga abin da na tattaro daga bakin waɗanda suka taɓa yin nutso da tukunyar iska a tsibirin Bali na Indonesiya, wajen jirgin ruwan nan USAT Liberty da ya nutse a gaɓar ƙauyen Tulamben. Jirgin dakon kayan sojan Amurka ne, Japanawa suka harbe shi a 1942 aka jawo shi bakin gaɓa, yana nan har 1963 da dutsen Agung ya yi aman wuta, girgizar ta tura shi cikin ruwa. Yanzu murjani, wato halittar nan ta teku mai kama da dutse, ya lulluɓe shi kaf.

Kowa dai cewa yake a yi sammako, da asuba kafin motoci su kwaso mutane, lokacin ne ake ganin manyan kifayen nan masu ƙaton goshi suna yawo garke guda. Ba a buƙatar kwalekwale, daga gaɓa ake shiga da ƙafa, amma fa duwatsu ne ba yashi ba, sai da takalmi.

Inda aka fi jan kunne shi ne zurfi, saman jirgin wajen mita 5 ne amma ƙasansa ya kai 30, mai satifiket ɗin koyon nutso na matakin farko kada ya wuce mita 18 ko da abokai sun yi ta zuga shi. Kar ka riƙe numfashi in kana hawowa, huhu na iya fashewa wallahi, ka tsaya minti 3 a mita 5, kuma kar ka hau jirgin sama sai bayan awa 18 aƙalla in ka yi nutso da yawa.

Ni abin da ya fi damuna masu taɓa murjani don hoto, abu ne mai rai, shekaru yake ɗauka kafin ya girma, don Allah a bari.